Furar Inna Yalwa da Jinin Malam Buba

Jiya na ji ɗaya daga cikinku, ba zan kama suna ba, tana gaya wa 'yar'uwarta cewa aikin ɗakin gwajin jini aikin hutu ne: ka soka allura, ka zuba jini a kwalba, ka miƙa wa inji, inji ya faɗi abin da ya gani, kai kuma ka kwafa a takarda. Ban tanka mata ba, don ni ma da wannan tunanin na shigo, da sabuwar farar riga da takalmi mai ƙwas-ƙwas. Amma tunda an turo ku wurina koyon aiki, ni kuma saura ƙiris in ajiye shi, gara in ba ku labarin yadda na kusa kashe mutum ba tare da injina ya yi kuskure ko sau ɗaya ba.

Sunana Saude, mutuniyar Kabo ce ni, amma duk aikina a ƙasar Gwarzo na yi shi, a ɗan ɗakin nan mai taga ɗaya. Wanda ya koya mini aiki wani dattijo ne, Malam Inuwa, Allah ya jiƙansa, mutum mai ƙarancin magana da yawan kallo. Wata biyu na yi a hannunsa ban taɓa jijiyar kowa ba, sai wankin kwalabe. A lokacin na gilashi ne, ba irin na yanzu da ake yarwa ba. A jiƙa su, a goge cikinsu da ɗan burushi, a ɗauraye sau uku, a kife su bushe. In na gama sai ya ɗauki guda, ya ɗaga ta saitin taga, ya jujjuya, ya mayar mini. Na san a sake ke nan. Ranar da na gaji na ce, "Malam, ni fa ba wanke-wanke na zo koya ba, wannan na iya tun a gida." Sai ya ce, "Ba wanki nake koya miki ba, Saude. Kallo nake koya miki."

Dokarsa guda ce: duk kwalbar da ta fito daga injin juya jini, a ɗaga ta saitin taga kafin a yi komai da ita. Kun ga injin, kun san in ya gama wulwulawa jini yakan rabu biyu, jan ya kwanta a ƙasa, ruwan ya taso sama. Ruwan kirki garau yake, launin man gyaɗa, kina hango yatsanki ta cikinsa. In ya yi ja-ja, hannun mai ɗiba ne ya yi gaggawa ya farfasa jinin. In ya yi rawaya sosai, a tambayi hantar mai shi. In kuwa ya yi fari-fari, dusu-dusu, kamar an ɗiga masa nono, to maiƙo ne, kuma galibi mai jinin bai daɗe da sa wani abu a cikinsa ba. Ku riƙe wannan na ƙarshen, za mu dawo kansa.

Wata ranar kasuwa ya ce in ajiye burushi in biyo shi. Muka je wurin mahauta, ni ina ta toshe hanci da mayafi, ya sa wani ya buɗe mana cikin akuyar da aka feɗe. Ya ɗaga tumbi, ya nuna mini wata 'yar tsoka fara-fara mai laushi, manne da farkon hanji.

"Ba saifa ba ce, kada ki bari a ruɗe ki," in ji shi. "Likitoci na ce mata fankiriyas. A cikinta akwai wasu 'yan ƙwayoyi da ido ba ya gani, su ke yin insulin, shi kuma shi ke buɗe wa sukari hanya ya bar jini ya shiga jiki. In suka gaji ko suka mutu, shi ne ciwon sukari."

Mahaucin ya ce shi dai yana haɗa ta cikin kayan ciki, kuma ba wanda ya taɓa dawo masa da ita. Na yi dariya, ban san 'yar tsokar nan ce za ta cinye rabin shekarun aikina ba.

Ɗiban jini kuwa a hannun mutane na koya, kuma kowane hannu da halinsa. Manomin ƙauyen Jama'a ko na Dugabau jijiyarsa a waje take kamar igiya, amma fatar sai kin dage. Tsohuwa jijiyarta gudu take yi, sai kin tsare ta da babban yatsa kafin ki soka. Akwai ƙaton da zai shigo yana cika baki, ya ga allura ya sulale ƙasa, ki koma yi masa fifita. Akwai kuma wanda zai bari sai kin cika kwalba biyu sannan ya tambaya ina ake kai ragowar, don ya ji an ce sayarwa ake yi. Irin wannan ba a yi masa fushi. Nakan zaunar da shi ya ga an juya jininsa, an gwada, an zubar da saura a gabansa. Wani lokaci gobe sai ki ga ya rako ƙaninsa.

Na daɗe ina wannan, har Malam Inuwa ya bar mini ɗakin, kafin wata likita ta zo daga Kano da bincikenta. Dokta Rabi muke ce mata, 'yar siririya mai saurin tafiya da saurin magana. Abin da ya dame ta abu ne da mu ma mun sha gani ba mu san kansa ba. Za a kawo mutum magashiyan, sukari ya hau, ya rame, a ɗora shi a kan allurar insulin, kowa ya ɗauka shi da allura har abada. Bayan wasu watanni sai ka ga jikin wani ya koma yin nasa insulin ɗin, har a sauke shi daga allura ya koma maganin haɗiya. Wani kuma ko alama. Tambayarta ita ce: ƙwayoyin nan na fankiriyas farfaɗowa suke yi, ko sababbi ke tsirowa? Waɗanda nasu ba sa dawowa kuma, ko kumburi ne a cikin tsokar yake shaƙe su? Ba a buɗe cikin mai rai don a leƙa, sai dai a tambayi jini.

Abu biyu ake nema a ruwan jinin. Ɗaya alamar kumburi. Ɗayan kuma wani ɗan ɓurɓushi ne da jiki ke saki duk lokacin da ya yi insulin da kansa. Insulin na kwalba ba ya zuwa da shi, saboda haka ko mutum yana kan allura, ɓurɓushin nan zai faɗi gaskiyar abin da cikinsa ke yi. Mu a ɗakin nan sawu muke ce masa. Amma sawun yana da sharaɗi: sai an ɗebi jinin da safe, mutum bai ci ba, bai sha komai ba in ban da ruwa, tun abincin jiya. Domin da zarar abinci ya shiga, 'yan ƙwayoyin da suka rage, ko da sun kusa ƙarewa, sai su matse ɗan abin da suke da shi gaba ɗaya, sawu ya hau. Likita kuwa in ta ga takarda ta ce ciki wayam yake, sai ta ɗauki hawan nan farfaɗowa ce.

Abokin aikina Sabi'u shi ke fita ƙauyuka ranar Laraba, a kan babur, da kula cike da ƙanƙara. Yana ɗebo jinin masu ciwon, da na wasu masu lafiya da suka yarda, don a kwatanta. Ni ina nan ina jiransa. Da ya sauke kula in juya, in tsotse ruwan sama a hankali kada in taɓo jan, in zuba a ƙananan kwalabe, in rubuta lamba, in sa a firiza. Duk bayan mako uku a kai Kano, can ake da injin auna sawu. Fargabarmu duka a kan firizar nan take. In an ɗauke wuta Sabi'u yakan bar abinci a hannu ya ruga wajen janareta, ni kuma na hana kowa ko jingina da ita, har masu shara suka sa mata suna amaryar Saude. Muna can muna gadin firiza, ɓarnar ta shigo ta wani wuri.

Cikin mutanenmu akwai Malam Buba, daga wani ƙauye a yankin Lakwaya. Asalinsu makiyaya ne, kakansa ne ya zauna ya kama noma, amma har yanzu suna da 'yan shanu, shi kuwa shanun nan su ne ransa. An kawo shi a amalanke da rani, leɓe a bushe, aka ɗora shi a kan allura safe da yamma. Ya koyi yi wa kansa, ya kuma koyi ajiye kwalbar insulin a cikin ɗan tulu mai jiƙaƙƙen yashi, a inuwa, tunda babu firji. Bai taɓa tsallake allura ba, amma ya tsane ta. Ba zafin ne ya dame shi ba, tulun ne. Da damina in gonaki sun rufe, akan kai shanu can gefen daji a yi watanni, shi kuwa ba shi da halin yin nisa da tulu da asibiti.

"Malama," yakan ce in ya zo karɓar magani, "yanzu ni da akuyar turke mene ne bambancinmu? Ita igiya, ni tulu."

Dokta Rabi ta yi masa bayanin ƙwayoyin nan, ta ce wasu kan farfaɗo. Tun daga ranar duk zuwan da zai yi sai ya leƙo ta tagar nan ya ce, "Sun farka?" Ni kuma in ce, "Tukuna, Malam, sai an gwada."

Shekarar da nake kira muguwar shekara ruwa ya yi yawa. Rufin ɗan ɗakin shan maganin da Sabi'u ke ɗiban jini a yankin ya rufta, sai mai unguwar ƙauyen, mutumin kirki, ya ce a dawo zaurensa. Hanya ta ɓaci, Sabi'u da ke isa da sassafe ya koma sai hantsi ya ɗaga. Mutane kuwa tun bayan sallar asuba suke tahowa a ƙasa, su zauna jiransa.

Larabar farko a zauren, na juya jini, na ɗaga saitin taga, na ga fiye da rabin kwalaben sun yi dusu-dusu. Ta Malam Buba na ciki, na san lambarsa kamar sunana. Na duba takardun, kowacce Sabi'u ya rubuta bai ci komai ba. Na tambaye shi, ya rantse kowa sai da ya tambaya. Na ce a raina, ai masu ciwon sukari wani lokaci jininsu kan yi maiƙo ko ba su ci ba. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa ya yi mini daɗin kamawa. Ga la'asar ta gabato, ga janareta yana tari, ga ƙanƙara ta narke. Na tsotse, na rubuta lamba, na sa a firiza. Idona ya gaya mini abu, takarda ta gaya mini wani, na bi takarda.

Haka Laraba ta biyu, haka ta uku. Aka kai Kano, sakamako ya dawo. Sai ga Dokta Rabi ta shigo da murnarta, wai mutanen yankin Lakwaya daban ne, sawunsu yana hawa. Cikin masu allura na mutum ɗaya ne ya kai inda take sauke mutum, na Malam Buba. Ta aika ya zo, ta ce ya ajiye allura, ta ba shi maganin haɗiya, ya dawo bayan wata guda, in kuma ya ji wani canji ya zo da wuri. Ya biyo ta ɗakin nan bakinsa har kunne, ya tsuguna a bakin ƙofa, dattijo da shi.

"Sun farka, Malama! Allah ya saka miki da alheri, Allah ya raya zuri'a."

Na ce amin, har da murmushina.

Larabar da ta biyo baya Sabi'u ya kawo jinin masu lafiya zalla daga zauren, magidanta da matasa, majiya ƙarfi, waɗanda ba ruwansu da ciwon sukari. Na juya, na ɗaga ta farko, dusu-dusu. Ta biyu, haka. Har ta ƙarshe babu wadda na hango yatsana ta cikinta. Waɗannan ba su da wani dalilin maiƙo, sai dai in sun ci. In kuwa su sun ci, to na makonnin baya ma sun ci. Na ajiye kwalbar a hankali.

Washegari da sassafe muka ari tsohuwar motar asibiti, Sabi'u ya tuƙa. Da muka isa ya tsaya a zaure suna gaisawa da mai unguwa, ni kuwa da yake mace ce na yi sallama na shige cikin gida, inda shi bai taɓa taka ƙafa ba. Na tarar da uwargidan, Inna Yalwa, wata tsohuwa mai faɗin fuska da faɗin hannu, tana tankaɗe a gindin rumbu.

"Lale, lale da mutanen asibiti! Ina kwana, ina gajiya, yaya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara, Inna. Yaya iyali, yaya jama'a?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ke, ku kawo mata tabarma."

Ban gama zama ba aka dire mini ƙwaryar fura da ludayi.

"Sha, 'yata. Irin wadda nake dama wa marasa lafiyarku ce duk Laraba."

Na ce, "Duk Laraba, Inna? Da wane lokaci?"

"Da sun taru mana. Bayin Allah su taho a ƙasa tun asuba, su zauna a ƙofar gidana har hantsi, ga ciwo ga yunwa, ni ina ciki ina jin tarinsu? Ai sai a zage mu a gari. Amma kada ki damu, na san cutarsu, ko ɗigon sukari ba na sawa. Nonon ma kindirmo ne, ba tsala ba, don ya riƙe musu ciki."

Kun ji fa. Ba mugunta, ba sakaci. Kuma kada ku ce me ya sa mutanen ba su faɗa ba. Wa zai mayar da ƙwaryar gidan mai unguwa? Wanda ya sha kuma, yaya zai yi, a cikin zauren, mai gidan yana zaune a gefe, ya ce abincin gidan nan ya ɓata aiki? Ga shi in ya faɗa za a ce ya koma sai wani makon, bayan ya sha tafiya a taɓo. Sabi'u yana tambaya da ƙarfi a gaban jama'a, su kuma suna ba shi amsar da ba za ta kunyata kowa ba.

Na ce, "Inna, ina Malam Buba?"

"Ai Buba ya warke, ba ku kuka ce ba? Yau kwana shida da ya bi shanu. Tulun ma ya ba matarsa, gishiri take zubawa."

Mota ba ta shiga inda suka kai shanun. Muka bar ta a bakin hanya, muka bi ta cikin gonakin dawa a ƙasa, takalmina a hannu, wani ɗan'uwansa yana nuna mana hanya. Wajen azahar muka same shi a gindin wata kanya, ya jingina, ga gora biyu a gefensa duk babu ruwa. Idanunsa sun faɗa, leɓensa ya tsage, numfashi yake ja mai zurfi da sauri, bakinsa yana wani irin wari mai zaƙi-zaƙi da na sani tun ranar da aka fara kawo shi. Na soki yatsansa na ɗiga a ƙaramin abin awo. Abin bai ba ni lamba ba, sai ya nuna sukarin ya wuce inda yake iya aunawa.

"Malama, ke ce a daji? Lafiya?"

"Ba lafiya ba, Malam. Ranar da aka ɗebi jininka a zaure, ka sha fura?"

Ya kau da kai. "An miƙo. Yaya zan yi?"

"Ba laifinka ba ne. Ni na ga alama a kwalbarka na wuce ta. Gwajin nan ba daidai ba ne, furar ce ta ɗaga shi. Sai ka koma kan allura, kuma yau."

"Gajiya ce kawai, Malama. Na kwana biyu ban bi shanu ba."

"Sau nawa ka zaga tun safe? Gora nawa ka sha?"

Ya daɗe yana kallon shanun da ke kiwo a gabansa, sannan ya dube ni ya ce, "Ke kika ba ni, ke kika karɓe."

Na ce, "Ni ce."

A amalanke 'yan'uwansa suka fito da shi bakin hanya, yadda aka kawo shi da farko. Sabi'u ya buga wa Dokta Rabi waya, muna isa aka sa masa ƙarin ruwa da insulin. Kwana biyar ya yi a gado. Dokta ta ce da mun ƙara kwana biyu, da gaisuwa za mu je ba ɗauko shi ba.

Ranar da aka sallame shi na shiga ofishinta na faɗa mata komai, har da cewa tun Larabar farko na gani. Na ɗauka faɗa za ta yi. Sai ta ce, "Ni ma na sauke mutum a kan gwaji ɗaya. Daga yau sai biyu." Sannan ta ce duk abin da aka ɗeba a zauren a zubar, abin da ta fara rubutawa a kan mutanen Lakwaya kuma ta yage shi. Ni na zubar da su da hannuna, kwalba bayan kwalba, daga firizar da muka yi ta gadi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Bayan nan sai da muka bi mutane gida-gida muna roƙon a sake, tsohuwar maganar sayar da jini ta taso sabuwa, wasu har yau ba su dawo ba.

Sabi'u ya ce a bar zauren kawai, ko a hana kawo abinci. Na ce in muka yi haka mun ci mutuncin gidan da ya rufa mana asiri ranar da rufi ya rufta, kuma furar za ta koma bayan katanga ne a sha a ɓoye. Na koma wurin Inna Yalwa ni kaɗai, da kwalba biyu a jakata, ɗaya garau, ɗaya dusu-dusu. Na nuna mata a rana, na ce wannan jinin mutum ne shi kaɗai, wannan kuma jinin mutum ne da kindirmonta, kuma shi ya sa aka ce Buba ya warke alhali bai warke ba. Ta dafe ƙirji.

"Inna lillahi! Ashe ni na kusa kashe Buba?"

"A'a, Inna. Ke kin ciyar da baƙo. Ni ce na gani na yi shiru."

Ta jujjuya kwalbar, sannan ta ce, "To, ba zan fasa damu ba, sai dai ku kashe ni. Amma ki bar ni da su."

Dabarar tata ce, ba tawa ba. Larabar da ta zo ta dama furarta kamar kullum, ta rufe ƙwaryar da faifai, ta sa aka ajiye a ƙofar zaure ta ciki inda kowa ke gani, ta kawo kujerarta ta zauna tana gadi. Ba mai taɓa ludayi sai ya nuna mata auduga a gwiwar hannu. Baƙo ya ga abincinsa yana jiransa, gida bai ji kunya ba, jini kuma ya zo garau. Tambayar nan ma muka daina yin ta a gaban jama'a, sai a ja mutum gefe a tambaye shi a hankali. Shi ya sa kuka ga ina sa ku fita da mutum baranda kafin ku ɗaura masa robar ɗiban jini, kuna ta gunaguni wai ɓata lokaci ne.

Malam Buba kuwa ya samu sabon tulu, ya koma allurarsa. Amma ya daina leƙowa ta taga. In mun haɗu a tsakar asibiti yakan gaishe ni gaisuwar da ba a rasa, ina kwana, lafiya lau, ya wuce. Bai ƙara tambayata ko sun farka ba. Abin ya yi mini ciwo, ban kuma ga laifinsa ba.

Da damina ta zagayo lokacin sake gwajinsa ya yi. Wannan karon ni na je da kaina. Na ɗauki wani ɗan injin juyi na hannu da Malam Inuwa ya bari, ga shi can a saman kabad, wanda kuke ce wa injin markaɗe. Na ɗaure shi a jikin benci a zauren. Malam Buba shi ya fara miƙo hannu, bai kalle ni ba. Na ɗiba, na ɗora masa auduga, na jira jinin ya kwanta, na kama mariƙin ina juyawa har kafaɗata ta ƙage, mutane sun zagaye suna kallo. Da na fito da kwalbar na tako bakin ƙofa na ɗaga ta saitin rana. Sai na ji shi a bayana.

"Mu gani."

Na miƙa masa. Ya ɗaga ta yadda ya ga na yi, ya sa yatsansa a baya, ya hango shi.

"Wannan nawa ne ni kaɗai? Babu na Inna a ciki?"

"Naka ne kai kaɗai, Malam."

"To duk abin da ya faɗa, na yarda."

Abin da ya faɗa, bayan mako uku, shi ne ba su farka ba. An sake, ya maimaita. Har yau Malam Buba yana kan allura, 'ya'yansa ne ke kai shanu daji, shi yana gida da tulunsa, ya tsufa, yana nan da ransa. Dalilin da na wasu ke farfaɗowa nasa suka ƙi, ko kumburi ne ko wani abu, har yanzu masu bincike suna kai, wataƙila a zamaninku a gano. In za a gano kuwa, daga irin kwalaben da ke hannunku za a gano, don haka ku ɗaga su ku duba kafin ku miƙa wa inji.

Amma a ranar ba mu san sakamako ba tukuna. Ya mayar mini da kwalbar, ya koma gefe ya yi allurarsa ta safe, ya je ya nuna wa Inna Yalwa audugarsa. Ta buɗe faifai ta zuba masa daidai gwargwado a 'yar ƙwarya. Ina tsugune ina rubuta lamba sai na ga inuwa a kaina. Na ɗago, ga shi tsaye da ƙwaryar, ko kurɓa bai yi ba, ya miƙo mini ludayin.

"Fara, Malama," ya ce. "Ke ma tun safe ba ki sa komai a bakinki ba, ina kallonki."